Filin Tambaya da Amsa: Totuwar Masara, Gilisarin da Ƙarfen da Ke Shiga Tsakani

Tun da kaka ta shigo wasiƙun wannan fili suka karkata wuri guda: me za a yi da sharar gona ban da ƙonawa? Mun tsamo waɗanda suka shafi ƙarafan da masana'antu ke aiki da su wajen juya abin da aka tatso daga tsiro ya zama sinadari mai kuɗi. Duk digirin da za a gani a nan na ma'aunin Salshiyas ne. Bar kuwa ma'aunin matsi ne, kuma iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da ɗoriya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin sussukar masara. Duk kaka totuwa takan taru tuli-tuli, mata su kwashi ta girki, sauran ta ruɓe a wurin. An ce mini mutanen Sin suna haɗa irinta da jan ƙarfe su yi wani magani mai tsada. Gaskiya ne? Mai ƙaramin ƙarfi zai iya? Daga wani mai injin sussuka, Kumo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ne, sai dai ba magani ba ne, kuma jan ƙarfen sai a zango na biyu yake shigowa.

Jikin totuwa, kamar na kara da buntun shinkafa da tukar rake, abu uku ne a sarƙe: selulos, hemiselulos da liginin. Na tsakiyar shi ne abin nema a nan, domin sarƙa ce ta wani sukari da ake kira zailos, kuma a busasshiyar totuwa yakan kai kashi 30 cikin 100 ko ya ɗan haura. Shi ya sa ta fi kusan duk sauran sharar gona daraja a wannan harka.

Zangon farko ba ƙarfe a ciki. Ana ɓarza totuwa, a jiƙa ta da asid irin na ruwan batir wanda aka tsinka sosai, kimanin kilo 2 zuwa 3 na asid ga kilo 100 na busasshiyar totuwa, a zuba a tukunyar ƙarfe mai jure matsi, a riƙa hura mata tururi a digiri 150 zuwa 180 na tsawon awa 4 zuwa 5. Asid ya kwance sarƙar, ya zare ruwa daga jikin sukarin, sai ya koma wani mai da ake kira furfural. Dole tururin ya riƙa fita da shi nan take. In ya daɗe a tukunya cikin asid da zafi, sai ya haɗe da 'yan uwansa ya zama baƙin danƙo marar amfani. Wannan asarar ce ta sa a lissafin takarda kilo 100 na totuwa ya kamata ya ba da kimanin kilo 22, amma a masana'anta da ƙyar ake samun rabin haka. Ka riƙe tan 10 zuwa 12 na totuwa ga tan 1 na furfural.

Abin da ke fitowa daga tukunya kusan duk ruwa ne, furfural ɗin bai fi kashi 5 ko 6 ba. Sai an sake dafa shi, a kama tururin da ke tashi dab da digiri 98, a sanyaya. Nan yakan rabu gida biyu, furfural ya kwanta a ƙasa don ya fi ruwa nauyi.

Kamfanin Quaker Oats ne ya fara wannan sana'a a Amurka a farkon shekarun 1920 da ƙaiƙayin hatsin oat. Yau Sin ce kan gaba, da totuwar masara, sai Afirka ta Kudu da Jamhuriyar Dominika da tukar rake. Matatar man Kaduna ma an gina ta da sashen da ke tace man inji da furfural, ka ga ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

To, ina jan ƙarfe? Fiye da rabin furfural na duniya ba a sayar da shi haka, sai an ƙara masa iskar haidirojin ya koma furfuril alkohol, wanda masu zubin ƙarfe ke yin danƙon ɗaure yashin zubi da shi. Furfural da haidirojin in ka rufe su tare su kaɗai, ba abin da zai faru. Amma in ka bi da su ta kan garin jan ƙarfe da aka haɗa da kuromiyam, a digiri 130 zuwa 200, sai su haɗu. Tan 1 na furfural yana shan kilo 21 na haidirojin.

Batun mai ƙaramin ƙarfi kuwa, mu yi lissafi. Buhun masara mai kilo 100 yakan bar totuwa wajen kilo 20. Ƙaramar masana'anta mai fitar da tan 1,000 a shekara tana son totuwar buhu 500,000 ko fiye, ga tururi tan 25 ko sama ga kowane tan na furfural, ga ruwan tsami da ba a zubarwa a kwata. Wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Rabonka a ciki, in masana'anta ta zo yankin, shi ne kayan aiki: totuwa busasshiya, a ƙarƙashin rumfa, ba ƙasa ba yashi. Wadda ta sha ruwa ta yi funfuna ta riga ta zubar da wani kaso na sukarin, ƙasa da toka kuma suna shanye asid ɗin kafin ya yi aikinsa.

Tambaya: Ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandaren 'yan mata. Ɗalibaina sun haddace cewa katalis yana hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da ya ƙare ba, amma sun kasa gane me ya sa ake zaɓar wani ƙarfe a bar wani. Ɗaya ma ta ce tokar da ake sabulun gida da ita katalis ce. Daga wata malama, Azare.

Amsa: Malama, ki kai su kasuwar shanu da baki. Dillali yana haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi ciniki, ya juya ga na gaba, shi bai tafi da sa ba. Haka ƙarfen yake. Haidirojin ƙwaya biyu ce a manne, ba ta son rabuwa. Da ta sauka a kan nikel ko jan ƙarfe sai ta rabu, kowace ƙwaya ta zama a shirye, sinadarin tsiro ya sauka kusa da ita, su haɗu su tashi, wurin ya koma fili. Dillalin da ba ya iya tsayar da mutane ba ya ciniki, wanda kuma ya riƙe mutum ya ƙi sakinsa ya toshe layi. Wannan tsaka-tsakin shi ne darasin da ake jinginawa Paul Sabatier, Bafaranshen da ya sami kyautar Nobel a 1912 saboda aikinsa kan nikel da haidirojin.

Furfural ya isa misali, domin a siffar ƙwayarsa yana da zobe yana da hannu. Jan ƙarfe hannun kaɗai yake kamawa, zoben ba ya kwanciya a kansa, shi ya sa yake tsayawa a furfuril alkohol. In aka ɗaga zafi ya wuce digiri 200 sai ya zarce ya cire oksijin ɗin hannun, a sami metilfuran, wanda ake gwadawa a matsayin abin haɗa fetur. Nikel yana kwantar da zoben ne gaba ɗaya, ya cika shi da haidirojin har da hannun, a sami wani sinadarin daban. Faladiyam in ya ji zafi yanke hannun yake yi ya jefar, ya bar zoben tsura. Abu ɗaya aka zuba, abu huɗu suka fito, kuma ɗaya kaɗai mai saye ya ce a kawo masa. Saboda haka masu wannan aiki sun fi damuwa da inda ƙarfe yake tsayawa a kan saurinsa.

Ɗalibar nan ta yi tunani, sai dai ta kuskure. A sabulu, ruwan toka shiga yake cikin sabulun ya zama jikinsa, ba ya dawowa. Wanda ya ƙare a cikin kaya ba dillali ba ne, abokin ciniki ne.

Tambaya: Ina shekarar ƙarshe a jami'a, aikina juya gulukos ya zama sobitol. Na jiƙa alumina da gishirin nikel, na gasa a digiri 800 don ya gasu da kyau, garin ya fito shuɗi-shuɗi. Na zuba a tukunyar matsi da gulukos da haidirojin bar 10 a digiri 170. Ruwan ya fito ja-baƙi yana ƙamshin ƙonannen sukari, sobitol babu. Ina na ɓata? Daga wani ɗalibi, Bauchi.

Amsa: Ɗan uwa, wuri uku, kuma launin garin ya riga ya faɗa maka na farko.

A digiri 800 nikel yakan shige cikin jikin alumina, wato farin garin nan mai ramuka da ake ɗora ƙarfe a kai, su zama abu ɗaya, shi ne shuɗin da ka gani. Nikel ɗin da ya shiga nan ya kulle, fito da shi sai da zafin da ya kai wanda ya shigar da shi. Na biyu, ko da ka gasa daidai, abin da ke fitowa daga tanderu nikel ne haɗe da oksijin, kamar tsatsa. Tsatsa ba ta raba haidirojin. Ka tsallake matakin cire oksijin ɗin, wato a taƙaice ba katalis ka zuba ba, gari ka zuba.

Ga yadda za ka sake, don giram 10 mai nikel kashi 10. Auna alumina giram 9, ka busar da ita a digiri 110. Ɗauki giram 1 daga wata daban, ka riƙa ɗiga mata ruwa kana juyawa har ta fara damƙewa ba tare da ruwa ya kwanta ba. Abin da ta sha shi ne faɗin ramukanta, yawanci mililita 0.5 zuwa 0.8. In ta sha 0.6, giram 9 za su sha 5.4. Koren gishirin nikel naitiret mai ruwa shida kashi 20 ne kawai nikel a cikinsa, don haka giram 4.95 ne zai ba ka nikel giram 1. Narka shi yadda ruwan da gishirin gaba ɗaya za su tsaya a mililita 5.4. Da yawa sukan auni ruwa 5.4 sannan su zuba gishiri a kai, sai ya yi yawa, a sami kwaɓi, nikel ya taru a bayan ƙwayoyin maimakon cikin ramuka.

Ɗiga a hankali kana juyawa, ka rufe ya kwana, sannan ka busar a 110 na awa 12. Kada ka jefa shi tanderu mai zafi kai tsaye, domin gishirin nan yana narkewa tun a digiri 57, ya kwararo waje ya dunƙule. Ɗaga zafi digiri 2 zuwa 5 a minti har 450, ka riƙe awa 4. Jan hayaƙin da zai tashi guba ne ga huhu, a yi shi inda ake zuƙe hayaƙi. Garin zai koma toka-toka mai duhu.

Sai babban mataki. Zuba garin a bututun tanderu, ka kori iskar ciki da naitirojin, ka saki haidirojin, ka kai digiri 500 na awa 3. Za ka ga raɓa tana taruwa a bakin fita, oksijin ɗin ne ke fita a matsayin ruwa. Bar shi ya huce a ƙarƙashin naitirojin. Baƙin garin da ka samu in ya sha iska zai yi zafi ya koma tsatsa, wani lokaci har ya kama wuta, don haka ka juye shi kai tsaye cikin ruwan da aka kore wa iska.

Na uku shi ne tukunya. Gulukos yana fara ƙonewa da kansa da an wuce digiri 150, kai kuma ka kai 170 da haidirojin kaɗan. A masana'anta ana aiki a 120 zuwa 150, matsi bar 40 zuwa sama, ruwan gulukos kashi 40 zuwa 50. Kai fara da kashi 10 a digiri 120, da iyakar matsin da aka rubuta tukunyarka tana ɗauka cikin aminci. Haidirojin ba ya son narkewa a ruwa, saboda haka juyi ya kai zagaye 800 zuwa 1,000 a minti, in ba haka ba gudun juyinka kake aunawa, ba ƙarfin nikel ba. Kafin ka kunna wuta ka cika da naitirojin ka sake sau uku, sannan haidirojin sau uku. Haidirojin yana kamawa da wuta daga kashi 4 har 75 cikin 100 na iska, wannan ba wurin gaggawa ba ne. Tsamin ruwan ya tsaya tsakanin 6 da 7 a ma'aunin tsami na pH. In ya karkata wajen kanwa gulukos zai juye zuwa furuktos ka sami manitol a cakuɗe, in ya yi tsami nikel zai narke.

Wannan narkewar ita ce ciwon nikel har a manyan kamfanoni. Da ka ga ruwan ya yi kore-kore, ƙarfenka ne ke tafiya. Tace kaɗan, ka sa ɗigon amoniya da sinadarin gwajin nikel da ake kira daimetilgilayoksim. In ya yi ja, akwai nikel. Sobitol yana shiga man goge baki da alawa, da shi ake fara haɗa bitamin C, don haka dole a tsame nikel ɗin tas kafin a sayar. Shi ya sa wasu suka koma ƙarfen ruteniyam kashi 5 a kan gawayi, mai tsada amma ba ya zuba haka.

In sashenku ba shi da tanderun haidirojin, ka nemi a sayo nikel ɗin Rani, wanda Murray Raney ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1920: nikel da alminiyam rabi da rabi, aka cinye alminiyam da soda, ya bar nikel mai ramuka kamar soso. A cikin ruwa yake zuwa, a cikin ruwa ake ajiye shi. In ya bushe a kan takarda, takardar ta kama da wuta. Ko da naka ya yi aiki, ka gwada wannan a gefe. Sakamakon da ba a kwatanta shi da komai ba, mai duba aikinka zai tambaye ka da me ka auna.

Tambaya: Mu a gareji mun san abin da ke cikin salansar mota, wanda ake ce wa indomi, ana sayensa da tsada har ɓarayi na yankewa. Shi ne wannan katalis ɗin? In na tara na motocin da suka mutu, zai yi aikin sinadaran gona? Daga wani bakanike, Gombe.

Amsa: Oga, danginsu ɗaya. Saƙar nan mai kama da ta zuma yumɓu ce da aka shafe da filatinum, faladiyam da rodiyam, duka ba su wuce 'yan giram ba a mota guda. Yawancinsu daga Afirka ta Kudu da Rasha ake haƙo su, shi ne sirrin tsadar. Amma an gina shi ne don hayaƙi mai zafin digiri 400 zuwa sama ya ratsa a guje, aikinsa ƙone ragowar mai. Ga shi bayan shekaru ya sha farar wuta da tokar baƙin mai, ƙwayoyin ƙarfen sun dunƙule. In ka daka ka zuba a ruwan sukari, yumɓu ka zuba. Masu saye narkar da shi suke a manyan matatu su tsamo ƙarfen a sake sabon aiki. Kada ka gwada da asid a gareji, hayaƙinsa yana kisa. Sayar wa mai saye na halal, ka kuma san inda kowane ɗaya ya fito.

Tambaya: Muna matsar man gyaɗa da na angurya. Mun gwada yin bayodizal da tsohon man suya da soda, ya yi, amma duk lita 100 sai wani baƙin ruwa mai kauri ya kwanta a ƙasa wajen lita 10 ko fiye. An ce gilisarin ne. Za mu iya sayar wa masu man shafawa? Kuma da gaske ɓawon ƙwai yana maye gurbin soda? Daga wata mai injin matsar mai, Gombe.

Amsa: Hajiya, gilisarin ne, amma kada a shafa wa kowa shi a haka. Cikinsa akwai metanol, wanda ke makantarwa, akwai sabulu, akwai ragowar soda. Kusan kilo 10 ne ga duk kilo 100 na bayodizal, a ko'ina a duniya, kuma shi ya sa gilisarin ya yi yawa har aka shiga neman abin da za a juya shi ya zama.

Gyaransa daki-daki ne. A ɗumama zuwa digiri 65 ko 70 a rufaffen mazubi mai bututun sanyaya, a kama metanol a sake aiki da shi, nesa da harshen wuta. Sai a riƙa ɗiga asid ɗin fosfarik ana juyawa har ma'aunin tsami ya sauka wajen 3 ko 4, a bar shi ya kwanta. Zai rabu uku: kitse a sama, gilisarin a tsakiya, gishiri a ƙasa. In da potas kika yi aikin tun farko maimakon soda, gishirin nan taki ne. A ɗebi na tsakiya, a kashe tsaminsa, a tace da gawayin tacewa. Wanda ya kai na shafawa da na magani sai an dafa shi an kama tururinsa a tukunyar da aka zuƙe wa iska, domin a fili ba ya tafasa sai digiri 290, kuma a wannan zafin lalacewa yake yana fitar da hayaƙi mai yaji.

Inda ƙarfe ke shigowa shi ne juya gilisarin ya zama furofilin gilaikol, wanda ake sawa a maganin tari, kayan kwalliya da ruwan sanyaya inji. Jan ƙarfe ne gwanin wannan, a digiri 200 zuwa 220 tare da haidirojin. Yana zare ruwa ɗaya ya mayar da haidirojin, giram 92 na gilisarin su ba da 76 in komai ya tafi daidai. Kamfanin ADM yana yin haka a Amurka, Oleon kuma a Beljiyam. Abin da ya sa ba a so nikel ko ruteniyam a nan shi ne suna karya ƙashin bayan gilisarin, su fitar da etilin gilaikol, wanda guba ne ga ƙoda. Ɗan uwansa dayetilin gilaikol ne ya gurɓata maganin haƙoran yara na My Pikin a 2008, yara da dama suka rasu a ƙasar nan. Duk mai tunanin wannan sana'a ya fara da tunanin na'urar gwaji.

Jan ƙarfe kuma ba ya haƙuri da datti. Gishirin kulorin da farar wuta, ko kaɗan ne, suna manne masa su kashe shi, zafi in ya haura digiri 300 ƙwayoyinsa su dunƙule. Wanda ya gyara gilisarinsa da asid mai kulorin ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Ɓawon ƙwai yana aiki, da sharaɗi. A wanke, a cire fatar ciki, a busar, a daka, a gasa a digiri 850 zuwa 900 na awa 3. Alamar ya gasu ita ce ya yi fari fat, nauyinsa ya ragu da fiye da kashi 40. Wutar murhu ba ta kaiwa nan. A zuba kashi 3 zuwa 5 na nauyin mai, da metanol ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na wanda kika saba, a digiri 60 zuwa 65, awa 2 zuwa 3. Ya fi soda nawa, amma ana tace shi a sake. Da ya huce a rufe shi ruf, don kwana ɗaya a buɗe ya isa ya sha danshi da iska ya koma kusan yadda yake. Man da ya yi tsami sosai, irin na ɗarbejiya ko tsohon man suya da ya sha wuta, sai an fara kashe tsaminsa da metanol da ɗan asid, in ba haka ba sabulu za ki kwasa.

Tambaya: Na ji an ce ana robar lemo da sukari. Daga wani matashi, Misau.

Amsa: Ana yi, amma da sauran tafiya. Ana zare ruwa daga furuktos a sami wani ɗan uwan furfural, a ƙara masa oksijin da taimakon kobal da manganis, ko zinariya da filatinum a ɗakin gwaji, a sami asid ɗin da ake yin robar da shi. Kamfanin Avantium ya buɗe masana'antar farko a Holan a 2024, mai tan 5,000 a shekara, cikin cokali ke nan in aka kwatanta da robar fetur. Abin sha'awa, kuza irin wadda aka daɗe ana haƙa a tsaunukan Jos, in aka dasa ta cikin wani yumɓu mai ramuka, tana juya gulukos ya zama furuktos a cikin ruwa.

Tambaya: Alumina da silikar da ake ɗora ƙarfe a kansu duk daga waje ake sayowa, haidirojin ma wahalar samu yake. Ba abin da za a yi da kayanmu na gida? Daga wani mai koyarwa a kwalejin fasaha, Bauchi.

Amsa: Malam, ta fuskar abin ɗora ƙarfe ba mu da talauci. Buntun shinkafar Dadin Kowa kusan kashi 20 nasa toka ce, tokar kuma wajen kashi 90 silika, wato sinadarin da ke jikin yashi. Sai dai kada ka ɗebo wadda aka ƙone a bayan injin casa. Wanke buntu, ka tafasa shi awa 1 zuwa 2 a asid haidirokulorik mai ƙarfin mola 1, ka ɗauraye har tsami ya fita sarai, musamman in jan ƙarfe za ka ɗora, ka busar, ka ƙona a digiri 600 zuwa 650 na awa 4. Aikin asid ɗin shi ne cire potas. In ka bar potas ɗin, yana narkewa a wuta ya rufe ramuka ya kulle gawayi a ciki, toka ta fito baƙa. In ka wuce 800 silika ta koma ƙanƙararren dutse, ramuka su rufe, ƙurarta kuma ta fi illa ga huhu. Farar ƙasar Alkaleri ma ana gasa ta a 650 zuwa 750, a wanke da asid, ta buɗe.

Jan ƙarfe a kan wannan silikar ya dace da furfural a tururi, kuma ya raba ka da kuromiyam, wanda wani nau'insa ke jawo ciwon daji. Giram 3.8 na shuɗin gishirin jan ƙarfe naitiret mai ruwa uku ne ke ba da giram 1, kuma digiri 250 zuwa 300 ya isa a cire masa oksijin. Amma in aikin cikin ruwan zafi ne mai digiri 150 zuwa sama, silika narkewa take a hankali, alumina kuma ta sha ruwa ta canja jiki. Nan gawayin da aka buɗe wa ramuka, na totuwa ko ɓawon gyaɗa, ya fi su. A tuna dai ba a gasa gawayi a iska, sai a naitirojin, in ba haka ba ka buɗe tanderu ka tarar da toka.

Haidirojin kam nan gizo ke saƙa. Raba ruwa da lantarki yana cin kilowat-awa 50 zuwa 55 ga kilo 1, wato tan 1 na furfural yana son fiye da 1,000. A ɗakin gwaji akwai hanyar kewaye: a narka furfural a aisofurofanol, a sa garin katalis na zakoniya ko na jan ƙarfe, a rufe a digiri 150 zuwa 180. Alkohol ɗin ne ke ba da haidirojin, shi ya koma asiton. A lissafi giram 60 ne ga giram 96 na furfural, a aiki ana zuba ninki goma ko fiye. Tururinsa kaɗai yana haura bar 8, saboda haka tukunyar matsi ta ɗakin gwaji ake so, kada a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, ba tukunyar girki ba, ba tsohuwar tukunyar gas ba.

Gwaji biyu da ɗalibanka ba za su tsallake ba. Ana tsakiyar aiki a tace garin da zafinsa, a ci gaba da dafa ruwan shi kaɗai. In haɗuwar ta ci gaba, ƙarfen da ya narke ne ke yi. Sannan in za a gwada sake amfani da garin, a tsayar da kowane zagaye tun furfural bai ci rabi ba. Wanda ya bari ya kai kashi 100 kowane karo zai ga layi a miƙe har zagaye biyar, alhali rabin ƙarfin garin ya tafi tun a na biyu.